Yadda na yanka gurbin ki a cikin fuli da ƙaramin injin let a gida

Abin ya faro ne daga injin markaɗen yayata. Shekara da shekaru tana aiki da ƙaramin injin fetur irin samfurin Honda GX160, wanda kowa ya sani a kan injinan markaɗe da na ban-ruwa. Da aka cire tallafin mai a 2023, lissafi ya daina fita, abin da aka samu a markaɗen wake da tattasai sai ya ƙare a gidan mai. Mijinta ya samo mata moto na hannu, wato injin lantarki mai ƙarfin doki 2, don a riƙa aiki da shi in an kawo wuta, a bar na fetur sai ta ɓaci. Ni aka kira, saboda ina da ɗan injin let, wato injin da ke juya ƙarfe ana fiƙe shi, a ɗakin zaure, ina taɓa fiƙar ƙarfe ranar da ba na zuwa aiki. Yaya ta ce, "Ƙanena, ai wannan ba komai ba ne a wajenka, fuli kawai za a sauya." Ni ma haka na ɗauka. Sai da aikin ya ci mini kwana 9 da fuli guda da ya tafi bola.

Ga wanda bai saba ba, fuli shi ne faifan da ake ɗaura bel a kai, shaf kuma sandar da ke juyawa daga cikin injin, wadda fuli ke hawa. Ki kuwa wani ɗan guntun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, rabinsa yana kwance a jikin shaf, rabi a cikin fuli, shi ke hana fuli sulɓewa idan aiki ya yi nauyi. Gurbin da ke jikin shaf a fili yake, kuma moto da shi yake zuwa. Na cikin ramin fuli shi ne jidali, domin babu wuƙa mai juyawa da za ta shiga can ta fitar da kusurwa. Dole a kankare shi a tsaye, kaɗan-kaɗan.

Ranar farko na ɗauki kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗin rami, na auna. Shaf ɗin injin fetur inci 3/4 ne, wato milimita 19.05, da ki mai faɗin inci 3/16. Na moto kuwa milimita 24 ne, tsawonsa 50, gurbinsa mai faɗin milimita 8. Ashe babu abin da ya haɗa su. Ga kuma batun gudu: injin fetur yana kai wa juyi 3,600 a minti, moton nan kuwa 1,400 da 'yan kai aka rubuta a jikinsa, don haka ko da ramin ya yi daidai, tsohon fuli ya yi ƙanƙanta, sai an samo wanda ya ninka shi kusan sau biyu da rabi. Washegari na hau adaidaita zuwa kasuwar Kofar Ruwa a Kano, na yi ta zaga masu tsofaffin kayan injin har rana ta take. Mai rami 24 da gurbinsa a shirye ban samu ba a girman da nake so. Na dawo da wani na ƙarfen zubi, wanda ake kira kas, inci 6, mai rami 19, a kan naira 7,000 bayan ciniki mai tsawo. Faɗaɗa ramin zuwa 24 bai ba ni wahala ba, aikin let ne na yau da kullum. Na huda gefe na sa noti mai matse shaf, na ce ai wannan ma ya isa. Mai waldan unguwarmu ma cewa ya yi a ɗiga walda a gaba a huta, na ƙi, don ranar da boris ya lalace sai an yanka shaf kafin a cire fuli. Notin nan bai yi rabin awa ba. Ana zuba jiƙaƙƙen wake, fuli ya tsaya cak shaf yana ta juyawa a ciki, bakin notin ya zana wa shaf zobe. Na kwashe yammacin nan ina goge zanen da magagari mai laushi, ina jin kunyar Yaya.

Daga nan na yi abin da yawancinmu ke yi. Na ɗaure fuli a bayis, na zura ruwan zarton ƙarfe ta cikin ramin, na yi tsaga biyu, na fasa tsakiya da kurfi, na bi da magagari. Akwai masu hannun da ke fitar da gurbi mai kyau ta wannan hanya, na gani da idona, amma ni ban kai ba. Magagari a hannun wanda bai ƙware ba lilo yake yi, yana cin baki biyu ya bar tsakiya. Gurbin ya fito da faɗi a gaba da baya, ya tsuke a ciki. Ki ya shiga rabi ya cije. Maimakon in tsaya, sai na ɗauko guduma. Bugu na uku na ji wani ɗan sauti, ƙas, na duba sai ga tsaga ta tashi daga kusurwar gurbin ta ratsa wuyan fuli. Kas ba ya lanƙwasa, ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake yi. Garin neman gira an rasa ido.

Na koma Kofar Ruwa na sayo na biyu, wannan karon na zaɓi mai kaurin wuya, don gurbi yana cin nama kuma a kusurwarsa ƙarfe ke fara gajiya. Na ce ba zan sake kasada ba, na kai shi wani babban wurin aikin ƙarfe da ke da injin da ke sara sama da ƙasa, wanda suke kira silota. Yaron da ke karɓar aiki ya rubuta mini 'yar takarda, ya ce naira 5,000, in ba da rabi, in dawo gobe. Na dawo gobe, babu wuta, injin kuma mai layi uku ne, ba za su tayar da janareta su ƙona dizal saboda fuli guda ba. Jibi an kawo wuta, amma an ɗora aikin wani kamfani a kan injin, kuma sauke shi asara ce. Na zauna a benci daga ƙarfe 10 har aka kira azahar. Ban ga laifinsu sosai ba, ƙaramin aiki a babban wuri haka yake zama ɗan bora. Rana ta uku na karɓi kayana, kuɗin kafin alƙalami kuwa sai da aka yi 'yar magana kafin ya dawo.

A hanyar dawowa na tsaya wajen masu sayar da kayan aikin injiniyoyi na tambayi buroc. Wata doguwar wuƙa ce mai haƙora jere, kowane haƙori ya ɗan fi na gabansa tsawo. Ana sa wani bushi mai tsaga a cikin ramin fuli, a danna wuƙar ta wuce da injin dannawa, a sa siririn falle a bayanta a sake wucewa har zurfi ya cika. Minti kaɗan an gama, kuma shi ne aikin da ya fi tsabta. Waɗanda suka yi suna su ne na kamfanin duMont na Amurka, akwai kuma na Sin masu sauƙin kuɗi. Amma kowane faɗin ki da wuƙarsa, kowane rami da bushinsa, ga injin dannawa da ba ni da shi, kuma in ta karkace a ƙarƙashin nauyi karyewa take kamar gilashi. Kuɗin da aka gaya mini na akwati guda ya fi na moton Yaya. Wanda zai riƙa yin gurbi kullum ya saya, ni mai guda ɗaya a shekara na ajiye musu.

Wanda ya warware mini wani dattijo ne mai aikin let da muke haɗuwa a masallaci, ya yi aiki a masaƙa tun lokacin da masaƙun Kano ke da rai. Bayan la'asar na nuna masa fasasshen fulin. Ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, kana da let a gida kake yawo? Kashe shi, ka kulle cok, ka mayar da keken injin ya zama hannunka." Cok shi ne abin da ke riƙe ƙarfen da ake fiƙewa yana juya shi, keke kuwa ɓangaren da ke ɗauke da wuƙa yana tafiya a kan gadon injin. Na ce, "Baba, ba tare da ya juya ba?" Ya ce ai aikin nan ba ya son juyi, turi yake so. Ya zana mini wuƙar a ƙasa da tsinke, ya ce in fara da siririya, kuma kada in ci fiye da kaurin gashi a kowane zuwa. Ya ƙara da wata magana a kan zurfi, amma a lokacin hankalina yana kan wuƙa, ban riƙe ba. Ita ce ta dawo ta cije ni.

Haɗa kayan ya ɗauki yini guda. Na samo sandar ƙarfe mai kaurin milimita 18, na huda ta a gicciye kusa da baki, na gyara hudar da magagari ta zama mai kusurwa huɗu, na sa ɗan noti ta goshi don ya matse haƙori, wato guntun wuƙar da zai yi yankan. Kauri yana da muhimmanci: sanda ta cika ramin gwargwadon yadda za ta shiga, kuma kada ta fito daga mariƙi fiye da yadda ake bukata, domin duk siririyar sanda gudun aiki take yi. Da 18 da haƙorin da ya leƙo milimita 4 da rabi, akwai sauran sarari a rami mai 24. Na sayi guntayen ƙarfen wuƙa da ake kira HSS guda biyu masu milimita 8, naira 3,000 kowanne. Ɗaya na wasa bakinsa a giranda ya koma milimita 4, ɗayan na bar faɗinsa yadda yake. Bakin da ke yanka yana kallon cok. Bayan bakin na zaftare kamar digiri 5 zuwa 7 don kada ya goga, gefe da gefe kuma digiri 1 zuwa 2 kacal, ina tsoma shi a ruwa kafin ya canza launi. Hattara wajen zaftare gefe: in dutsen ya taɓa bakin kansa, faɗin ya ragu, ka sami gurbi mai 7.9 wanda ki ba zai shiga ba. A faɗin milimita 8, sassaucin da ƙa'ida ta yarda da shi a aikin yau da kullum bai kai 0.02 sama ko ƙasa ba. Ni da kalifa nake aiki, ba zan ce na kai nan ba, amma ya nuna maka irin kusancin da ake nema.

Na kama fuli ta wuyansa a cok, na faɗaɗa ramin zuwa 24, ban sauke shi ba. Wannan dabara ce mai kyau, gurbin da aka yanka a ɗauri ɗaya da rami dole ya bi ramin a miƙe. Sai na lura da wani abu: tsohon gurbin milimita 6 bai ɓace duka ba, ya bar ɗan sawu mara zurfi a bangon sabon ramin. Na juya cok har sawun ya zo daidai gefena, na ce a kansa zan yanka, kada a sami rauni biyu a wuya ɗaya. Na zare filogi daga bango, na sa injin a giya mafi nauyi, na cusa katako tsakanin haƙorin cok da gadon injin ta ɓangare biyu. Sai saita tsayi, wanda shi ne rabin aikin. Tsakiyar haƙori dole ta yi daidai da tsakiyar rami. In ta hau ko ta sauka, gurbin zai kauce, fuli ya ƙi hawa ko da faɗi da zurfi sun yi. Na shafa alli a fuskar fuli, na ja layi da wuƙa mai tsini wadda na san tana tsakiya, na auna milimita 4 sama da ƙasa, na yi ta cusa fallayen gwangwani a ƙarƙashin sanda har kusurwoyin haƙori suka hau layukan biyu. Na matse ƙaramin dandamali na sama gam, na ƙara ɗaure na gicciye don kada ya yi wasa.

Yankan kansa ba shi da wata gwaninta sai haƙuri. Ka matso da haƙori 0.04 na milimita, ka juya babban kambun keke da hannu, haƙori ya ratsa ramin ya fita ta baya, ka ɗan janye, ka dawo, ka mayar da lambar ka ƙara 0.04. Ka tabbata akwai sarari a bayan fuli da haƙori zai faɗa, nawa ramin tsakiyar cok ne ya ba ni. Kas ba ya son mai, a bushe ake yanka shi, garinsa baƙi kamar kwalli, don haka na shimfiɗa tsumma a kan gadon injin. Da ƙarfe ne na yau da kullum da na sa mai, alminiyon kuma kananzir. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na yi dariya ni kaɗai, na jawo fitilar caji na ci gaba. Kwana uku na yi ina jira a wurin mutane a kan aikin da ba ya bukatar wuta. Sau ɗaya na yi haɗama na ci 0.1, kambun ya cije, na ji ƙaramin giyar da ke tafiyar da keke yana kuka. Na janye da sauri. Giyar nan ba don wannan aka yi ta ba, in ta karye gyaran ya fi fuli goma. Da siririn haƙori na shiga milimita 3, na sauya mai faɗi, na matso da shi har na ji ya taɓa bango, na mayar da ma'auni sifili. Duk bayan zuwa biyar ko shida nakan wuce sau biyu ba tare da na ƙara komai ba, kuma sai ka ga yana ci, alamar sanda ta lanƙwashe ta bar saura. In ba ka yi haka ba, gurbi zai yi zurfi a baki ya yi tudu a can ciki.

Teburin ƙa'idar Jamus mai suna DIN 6885, wadda motocin lantarki masu awon milimita ke bi, ya ce shaf daga sama da 22 zuwa 30 kinsa 8 ne a faɗi, 7 a tsayi, zurfi a jikin shaf 4, a cikin fuli 3.3. Da ma'auni ya nuna 3.3 na tsaya, hannuna yana zogi, raina fari. Na kwance fuli na kai wa moto. Ya hau shaf, ya zo kan ki, ya tsaya. Na duba faɗi, daidai. Na duba kauce, babu. Gudumar tana nan kusa, na kalle ta, na tuna na farko. Na zura kalifa daga bangon rami na can zuwa gindin gurbi, ta ba ni 26.6. Abin da ya kamata in gani 27.3 ne, wato 24 a tara da 3.3. A nan maganar Baba ta dawo mini. Bangon rami a lanƙwashe yake, haƙori kuwa bakinsa a miƙe. Idan ya matso, kusurwoyinsa biyu ne ke fara taɓawa, tsakiyarsa tana nesa da ƙololuwar da'irar. A rami mai 24 da haƙori mai 8, wannan tazara ta kusan 0.7 ce. Teburin daga ƙololuwa yake ƙirga 3.3, ni kuwa daga taɓawar kusurwa na fara. Ke nan abin da ya kamata in ci daga sifilina ya kusan milimita 4 cif.

Kuskuren lissafi mai sauƙin gyara ne da ban sauke fuli ba. Mayar da shi cok yadda haƙori zai sake faɗawa cikin gurbin ba tare da ya ci gefe ɗaya ba ya ci mini fiye da awa guda, ina sassautawa ina juyawa, ina zura haƙori a hankali ina sauraron inda yake goga. Ragowar 0.7 ɗin kuwa bai kai minti 20 ba. Wannan karon na janye keke na auna yana ɗaure, 27.3. Wani zai ce me ya hana ka rage tsayin ki da magagari ka huta. Ya halatta a ranar gaggawa, amma ka rage abin da ke riƙe fuli, kuma ranar da wani ya sayo sabon ki na ƙa'ida ba zai gane me ya faru ba. Ki a gefensa yake aiki, gefe ne ya kamata ya kama, sama kuwa ana barin sarari. Lissafin ma ya nuna: 4 da 3.3 sun ba da 7.3, ki kuma 7 ne.

Da zan sake daga farko, kafin in je kasuwa zan auna shaf da kalifa in rubuta a takarda, domin 19 da 19.05 da 20 a ido duk ɗaya ne, a hannu kuwa kowanne da kinsa: mai 19 na moto yana ɗaukar ki mai faɗi 6 da tsayi 6, wasu injinan fetur masu shaf 20 kuma ki mai faɗin 5 suke da shi. Zan duba ko lambobin kambun gicciye na injina ainihin tafiyar haƙori suke nunawa ko ninkinta, don wasu injinan a kan faɗin da'ira aka rubuta su, ka ga 0.08 alhali 0.04 ka ci. Zan fiƙe ɗan guntun shaf na gwaji in ajiye kusa, in gwada komai fuli yana ɗaure. Da fulin na ƙarfe ne mai tauri, zan toshe ramin da guntun ƙarfe irinsa, in huda a kan layin da suka haɗu da bakin huda da bai kai faɗin ki ba, in cire toshin, sai ya rage kusurwoyi kawai za a kankare. In kuma ramin bai fita ta baya ba, sai an fara yi wa haƙori mafaka a ƙarshe, ko huda ta gefe ko zagayen rami, in ba haka ba gari zai taru ya karya shi. Lissafin aljihu kuwa, fuli biyu da haƙora da sanda da kuɗin adaidaita sun tasar wa naira 30,000, rabinsu kuɗin gaggawata ne.

Na goge bakin gurbin da magagari, na huda wuyan fuli daidai saman gurbi na yi masa zaren noti mai milimita 8, yadda notin zai danne ki maimakon ya ciji shaf. Fuli ya shiga da tafin hannu da ɗan bugun katako. Muka ɗaura bel, muka saita shi da zare, muka zauna jiran wuta har bayan isha'i. Da ta zo, Yaya ta zuba wake kwano biyu a jere ba ta ce komai ba, sai da ƙullun ya gama sauka ta ce da safe in aiko yaro ya karɓi ƙosai. Fasasshen fulin yana nan a kan tagar ɗakin zaure, sandar da haƙoranta biyu kuma na naɗe su a tsumma mai mai, na rubuta 27.3 a jikin kwalin.